Kanwar Jegon Muhsina

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Barau, Allah ya ƙara girma da lafiya. Wakilin Mai Martaba, Allah ya ja zamanin Sarki. Iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni. Malamanmu limamai, Allah ya gafarta muku. Wakilan ƙananan hukumominmu na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Likitoci da malaman asibiti. Iyayenmu ungozomomi, waɗanda da yawanmu a hannunku muka faɗo duniya. Shugabannin ƙungiyar matan da ta tara mu yau a kan lafiyar masu jego. 'Yan'uwana mata na kusa da na nesa. Har da ku samarin da ke tsaye a bakin taga kuna latsa waya, ku ma da ku nake, domin gobe ku ne mazajen. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina gode wa Allah da ya kawo mu wannan rana da rai. Ina gode wa shugaba da ya ba mace irina dama ta tsaya a gaban manya. Ina gode wa matan da suka baro gona da girki da goyo, suka hau mota tun daga Gagarawa Tasha da Ɗanzomo da ƙauyukan bakin iyaka. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Sunana Larai. A nan Gumel aka haife ni, a nan na yi aure, a nan na haifi 'ya'yana. Karatuna a sakandare ya tsaya. Ni ba likita ba ce, ba kuma malamar asibiti ba ce, uwa ce kawai, kuma uwa ce da ta zo da tsoro a cikinta. Ba zan ɓoye muku dalilin tsoron ba. Ranar Juma'ar nan mai zuwa 'yata Muhsina za ta koma ɗakin mijinta a Ɗanzomo, da jariri a bayanta, da zuciyar da ba ta gama warkewa ba a ƙirjinta. Ba 'yar fari ba ce, saboda haka na kama sunanta ba kunya, kuma da izininta da na mijinta nake wannan magana. Wannan ƙunshi da kuka ga na ajiye a kan teburin shugaba, ku bar shi tukuna, sai a ƙarshe zan kwance shi.

Maganata ta farko, in gaya muku abin da ya faru.

Muhsina tana auren Hamza, ɗan gidan noma da kiwo a Ɗanzomo, yaro mai kunya da riƙon amana. Mun shirya za ta zo gida goyon ciki kamar yadda aka saba a haihuwar fari, sai naƙuda ta riga mu, ta sauka a can lafiya, aka sami namiji, aka raɗa masa suna Bilal. Jegonta ya faɗa hannun uwar mijinta, Hajiya Asama'u, wadda ga ta can zaune a layin gaba na mata. Ina so kowa ya ji wannan daga bakina: ba a taɓa yi wa mai jego hidimar da ta wuce wadda Hajiya Asama'u ta yi wa 'yata ba. Itace bai yanke ba. Ruwan wanka yana tafasa safe da yamma, da ganyen darbejiya a ciki. Ga ƙauri, ga yaji, ga kunun kanwa mai kauri cike da ƙwarya. Abin da uwarta ta yi mata shi ta yi wa matar ɗanta, har da ƙari.

Bayan suna da ɗan lokaci na je duba su da hantsi. Na tarar da yarinya zaune a kan gado an tokare ta da matasai. Na ce, "Muhsina, kwanta mana ki huta." Ta ce, "Inna, in na kwanta numfashina tafiya yake." Na dubi ƙafafunta, sun kumbura har idon sawu ya ɓace. Na danna da ɗan yatsa, ramin ya zauna bai tashi ba. Na ce, "Tun yaushe?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "An kwana biyu." Na ce, "Kin gaya wa wani?" Ta ce, "An ce sanyi ne ya shige ni, an ƙara mini kanwa." Sannan ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjinta, ta ce, "Inna, ji nan, kamar tsuntsu yana fiffika a ciki."

Jama'a, na ji shi da tafin hannuna. Bugu biyu da sauri, sai shiru, sai bugu ɗaya mai ƙarfi, sai guje-guje. Ban bar gidan nan ba sai da ita. Daga asibitin nan aka tura mu Kano, kuma a kan hanya ta sume mana a mota, muna tofa mata addu'a, Hamza yana kiran sunanta kamar ƙaramin yaro. Allah ya sa da sauran kwana.

Maganata ta biyu, in gaya muku abin da likita ta ce, domin shi ne ya hana ni sakewa har yau.

Likitar zuciya ce, mace, sunanta Nana Firdausi. Bayan an yi hoton zuciya, an manna wa yarinya wayoyi a ƙirji an ɗauki bugunta, sai ta kira ni ta ce ciwo ne da ke kama wasu mata gab da haihuwa ko bayanta, zuciya ta buɗe, ta yi laushi, ta kasa tura jini yadda ya kamata. Na ce, "Wannan na gane. To fiffikar fa?" Sai ta ce, "Hajiya, kin san karar Maigatari, kasuwar dabbobi?" Na ce, "Likita, wa zai zauna a ƙasar Gumel bai san kara ba?" Ta yi dariya ta ce, "To zauna."

Ta ce tsokar zuciya ƙananan ɗakuna ce birjik waɗanda ido ba ya gani, kowane ɗaki da bangonsa, kuma a jikin kowane bango akwai ƙofofi. Kowace ƙofa da abin da take bari ya wuce, kamar a ce a kara an yi ƙofar shanu daban, ta raƙuma daban, ta awaki daban, kuma babu wadda ke buɗewa sai lokacinta ya yi. Abin da ke wucewa ta ƙofofin nan gishiri ne iri-iri da ke narke cikin ruwan jiki. Ta kira mini sunayensu, na maimaita har suka zauna: sodiyam, kalsiyam, potasiyam. Ƙofar sodiyam ta buɗe, ya kwararo ciki, wani ɗan lantarki ya tashi. Ƙofar kalsiyam ta buɗe, tsoka ta matse, jini ya fita. Sannan ƙofar potasiyam ta buɗe, ya fice, tsoka ta saki, ta huta, ta jira. Ta ce wannan duka bugu ɗaya ke nan. Yanzu haka da kuke zaune kuna saurarena, ƙofofin nan suna buɗewa suna rufewa a ƙirjin kowannenku, bi da bi, babu mai tsaronsu sai Wanda ya halicce su. Wanda bai ji tsoron Allah a kan wannan ba, ban san a kan me zai ji ba.

Ta ce kuma ƙofofin nan ba kafa su aka yi sau ɗaya aka tafi ba. Jiki da kansa yake ƙera su, yana cire tsofaffi yana kafa sababbi, muddin rai. Amma idan zuciya ta kamu da ciwo, ta daɗe tana ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfinta, sai ƙirar ta canja. Wasu ƙofofin potasiyam su ragu, ba a kafa su da yawa kamar da. Wasu na sodiyam su ƙi rufuwa ruf, su riƙa yoyo. Kalsiyam ya riƙa zuba ba a kan lokacinsa ba. Yawansu ya canja, aikinsu ya canja. Sai tsoka ta makara wajen sakewa, wani bugun ya faɗo kafin na gabansa ya gama, jeri ya rikice. Ta ce, "Shi ne tsuntsun da 'yarki ke ji. Wani lokaci ya yi fiffikarsa ya lafa. Wani lokaci kuma ya kayar da mutum yana tsaye, ba sallama."

Na ce, "Likita, kanwa ce ta jawo?" Ku saurara da kyau, don kada wani ya fita daga nan ya ce Larai ta ce kanwa guba ce. Ta ce, "Ba zan ɗora wa kanwa duka ba. Akwai matan da ba su taɓa lasarta ba suka kamu, akwai dubbai da suka sha suka tashi garau, kuma har yanzu ana bincike a kan asalin ciwon. Amma kanwa cike take da sodiyam, kuma duk inda gishiri ya taru a jiki ruwa yana bin sa ya zauna. Zuciyar da ta riga ta gaza, in kin ƙara mata ruwan da za ta tura, kin ƙara mata nauyi. Haka tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Nauyin nan kuwa shi ke ƙara ɓata ƙofofin."

Na ce, "Za su gyaru?" Ta ce, "A wasu matan suna komawa daidai a hankali, in an sauke wa zuciya nauyi, an riƙe magani. A wasu ba sa komawa duka. Ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Abu ɗaya nake so ki riƙe: kumburi zai saɓe da wuri, fuska za ta dawo, kowa zai ce ta warke. Ƙofofin ba sa sauri irin haka, kuma ba a ganinsu a fuska."

Jama'a, wannan kalma ita ce ta zauna mini a wuya. Yau in kun ga Muhsina za ku ce ba abin da ya taɓa samunta. Tana dariya, tana ba ɗanta nono, tana share tsakar gida in na juya baya. Ido ya ce ta warke. Ni kuwa na san abin da ido bai sani ba.

Maganata ta uku, a kan kuskuren da muke yi, mu mutanen ƙasar nan, kuma muke yin sa da kyakkyawar niyya.

Mun tashi mun tarar ana cewa babban abokin gaban mai jego sanyi ne. In ta yi tari, sanyi ne. In ƙafa ta kumbura, sanyi ne. In ta yi haki daga ɗaki zuwa madafa, sanyi ne. Maganin sanyi kuwa, a wurinmu, a ƙara wuta, a ƙara ruwan zafi, a ƙara kanwa. To ku duba yadda abin yake juyawa. Zuciya ta gaza, ruwa ya taru, ƙafa ta kumbura. Mu ce sanyi ne, mu ƙara kanwa. Kanwa ta ƙara tara ruwa, ƙafa ta ƙara kumbura. Mu ce sanyin ya yi ƙarfi, mu sake ƙara kanwa. Yarinya tana nutsewa a hannunmu, mu kuwa muna ganin hidima muke yi. Babu mai mugunta a ciki. Babu mai rowa a ciki. Wadda ta fi son yarinyar ita ce ta fi cika mata ƙwarya.

Mata nawa muka binne a unguwanninmu kafin arba'in, ko bayanta da kaɗan, muka ce jego ne ya zo da gardama? Mata nawa aka ce tana cikin shanya ta faɗi, tana cikin alwala ta faɗi, ba ciwon kai ba zazzaɓi? Kwana ya ƙare, gaskiya ne, babu mai ja da wannan. Amma Wanda ya rubuta kwanan shi ya ba mu hankali, kuma zai tambaye mu me muka yi da shi.

Iyayena ungozomomi, ba raina ku na zo yi ba, kun fi ni sanin mai jego. Roƙona gare ku ɗaya ne: ku ƙara abu uku a kan abin da kuka sani. Kumburin ƙafa, haki ko kasa kwanciya, da bugun ƙirji marar tsari. In kun ga ɗaya daga ciki, ku sauke tukunyar kunu, ku nemi mota.

Maganata ta huɗu faɗa ce, kuma ba zan nemi afuwa a kanta ba.

Ku 'yan mata da sababbin amare, kunya ado ce, ni ma na koya wa 'ya'yana ita da bulala. Amma kunyar da za ta sa ki kwana biyu kina haki ba ki faɗa wa uwar mijinki ba, don kada a ce ke raguwa ce, wannan ba kunya ba ce, sakarci ne. Na gaya wa Muhsina haka tana kan gadon asibiti, kuma zan sake gaya mata gobe. Jaririn nan ba ya bukatar a yaba wa uwarsa da dauriya, uwarsa yake bukata.

Ku maza, kun iya yanka rago, kun iya raba goro, kun iya sa babbar riga ranar suna. Bayan suna fa? Wa ya taɓa leƙawa ɗaki ya dubi ƙafar matarsa? Kuna cewa harkar mata ce. Harkar mata ce har ranar da za a ce ku zo ku ɗauki makara, sannan ta zama taku. Akuya in ta ƙi cin dusa kun lura tun da safe. Ku ba uwar 'ya'yanku ko da irin wannan lurar.

Ku masu kemis da masu tallar magani a tire ranar kasuwa, ku ji tsoron Allah. Likita ta gaya mini akwai magunguna na yau da kullum da suke taɓa ƙofofin nan kai tsaye, mai lafiya ya sha ya wuce, mai irin ciwon 'yata ya sha ya faɗi. Ta ce ko maganin da suke ba ta don ya fitar da ruwa, yana tafiya da potasiyam, shi ya sa suke auna jininta lokaci bayan lokaci. To wanda ya yi shekaru yana karatu yana aunawa kafin ya bayar, kai kuma kana zubawa a leda kana cewa biyu safe biyu yamma. In mai jego ta aiko da kumburi ko haki, ka ce a kai ta asibiti. Cinikin da ka rasa Allah zai mayar maka.

Kai kuma Hamza, ɗana, na san kana nan cikin maza kana sunkuyar da kai. Likita ta yi maka magana a kan tazara kafin wani cikin, ta ce wani cikin a yanzu yana iya tafiya da ita. Ba zan ƙara a kan haka a gaban iyayenka ba. Ka ji, na san ka ji.

Sai mu, mata masu shiga gidaje barka da sannu. Faɗan da ya fi girma namu ne, kuma shi ne ya kawo ni maganata ta ƙarshe.

Makon jiya Hajiya Asama'u ta zo Gumel duba jikanta, ta zo da wannan ƙunshi. Ta tarar Muhsina tana cin tuwo, ta ɗanɗana miyar ta yamutsa fuska. Ta ce, "Hajiya Larai, wace irin mai jego ce wannan, miya lami kamar ta marar lafiya?" Na ce, "Ai marar lafiyar ce, Hajiya." Ta ce, "Ku mutanen birni, har gishiri sai likita ya sa muku hannu." Na ce, "Ku kuma mutanen Ɗanzomo, ko shayi aka ba ku sai kun tambayi kanwa." Muka yi dariya. Sannan ta kwance bakin ƙunshin, na ga jar kanwa ce mai kyau, wadda ta aika takanas aka zaɓo mata a kasuwar Maigatari. Ta ce jegon yarinya ya yanke a tsakiya, in ta koma za a ƙarasa mata.

Na mai da mata duk abin da likita ta ce, ƙofa bayan ƙofa. Ta saurara har na gama. Sai ta ce, "Hajiya, ni ba jayayya nake da likita ba. Da idona na ga yadda aka fita da yarinyar nan daga gidana, kuma tun ranar abinci bai yi mini daɗi ba. Amma ke a birni kike. Ni in ta dawo, matan unguwa suka shigo sannu da zuwa, ba su ga tukunyar kunu a wuta ba, me za a ce da ni a bakin rijiya? A ce Asama'u ta yi wa matar ɗanta rowar kanwa? A ce ta bar 'yar mutane da sanyi a jiki? Ko ɗan kaɗan ne, don a ga an yi." Na ce, "Ɗan kaɗan ɗin nan nake tsoro. Yau ke kin ba ta kaɗan, gobe maƙwabciya ta shigo da nata kwanon, jibi gwaggon Hamza ta kawo nata, wanne yarinya za ta iya mayarwa?" Sai ta ce, "To ki faɗa a gaban mutane. In kowa ya ji da kunnensa, ba mai zagina."

Kun ji dalilin tsayuwata a nan. Baiwar Allah nan ba kanwa take so ba, bakinmu take tsoro. Mu ne muke leƙa madafar mutane. Mu ne muke auna ƙaunar uwar miji da kaurin kunu. Mu ne za mu fito daga gidan mai jego, tun mayafi bai gama zama a kafaɗa ba, mu ce, "Kin ga yadda aka bar ta kuwa?" Da wannan 'yar maganar muke sa mace mai hankali ta ba matar ɗanta abin da ta san zai cuce ta. In wani abu ya sami 'yata a Ɗanzomo ta wannan hanya, Allah ya kiyaye, ba hannun Hajiya Asama'u zan duba ba, harsunan da suka tura hannun zan duba.

Ba ni da ikon riƙe matar aure a gidana har abada, kuma ba na so. Ɗakinta can ne, mijinta can ne, ɗanta ɗan can ne. Ni ba zan kasance a Ɗanzomo in tsaya a ƙofar ɗakinta ina duba kowane kwano ba. Ku ne za ku kasance.

Saboda haka, ranka ya daɗe shugaba, da izininka zan kwance ƙunshin. Ga ta, jama'a, ku gani. Kanwa ce ta kirki, kyauta ce ta girma, kuma a tarbiyyar da aka yi mini ba a mai da kyautar surukai. Ba zan mayar ba, ba kuma zan jiƙa wa 'yata ba. Na daɗe ina juya abin a raina kafin Allah ya nuna mini hanya. Ranar suna, Bappa, kakan yaron na wajen uba, ya ba Bilal karsana, kamar yadda gidansu suka saba yi wa kowane jariri. Duk makiyayi a nan ya san yadda saniya ke son kanwa, da yadda take yi mata amfani. To kanwar nan don gidan Bilal aka saye ta, kuma gidan Bilal za ta koma. A ba karsanarsa ta lasa, ta yi ƙiba, ta haifa masa garke. Uwarsa kuma a dama mata kunun tsamiya ko na gyaɗa, a yi mata wanka da ruwa mai ɗumi, a tuna mata da maganinta, a kawo ta asibiti duk ranar da aka sa mata.

Matan Ɗanzomo, ina kuke? Ku ɗaga hannu in gan ku. Kada ku ji kunya, ku ɗaga sosai. Alhamdu lillahi, kuna da yawa. Liman yana ganinku, dagaci yana ganinku, Allah yana ganinku. Ku ne shaiduna cewa daga yau rashin tukunyar kanwa a gidan Hajiya Asama'u ba rowa ba ce, ba sakaci ba ne, umarnin likita ne da roƙon uwar yarinya. Wadda ta ji ana gulmar, ta ce, "Ina wurin, da kunnena na ji." Wadda za ta je sannu, ta tafi da addu'a, ta bar kwanon a gida.

Hajiya Asama'u, 'yar'uwata, na faɗa a gaban mutane kamar yadda kika ce. Saura naki. In kin yarda, ki taso ki karɓi kanwar nan da hannunki, a gaban waɗanda kike tsoron bakinsu.

Ku ba ta hanya. Ku matsar da kujerar nan. Sannu Hajiya, a hankali. Ungo, riƙe da kyau, tana da nauyi.

Kun ji abin da ta ce? Na baya ba su ji ba, bari in maimaita. Ta ce karsana za ta sha, kuma duk wadda ta shigo mata gida da kunun kanwa, ita za ta zaunar ta shanye abinta a tsakar gida. Allah ya saka miki da alheri, Hajiya. Allah ya ba ki aljanna.

Ba zan ce muku tsoron ya tafi ba. Ƙofofin nan suna nan yadda suke a ƙirjin 'yata, ban san nawa suka gyaru ba, ban san nawa suka saura ba, likita ma sai ta sake aunawa. Duk sanda waya ta yi ƙara daga Ɗanzomo gabana zai faɗi. Amma ranar Juma'a, in Allah ya kai mu, da hannuna zan sa ta a mota.

Ya Allah, Kai ka kafa ƙofofin nan, Kai kake buɗe su, Kai kake rufe su, ka daidaita su a ƙirjin Muhsina da na duk mai irin ciwonta. Ka sauki masu ciki lafiya, ka tashi kafaɗun masu jego, ka bar wa kowane jariri uwarsa. Ka jiƙan matan da suka riga mu ta wannan hanya, ka raya abin da suka bari. Ka ƙara wa likitocinmu da ungozomominmu basira da haƙuri. Ka tsare harsunanmu daga abin da zai cuci wani. Ka ja zamanin Sarki, ka yi wa shugabanninmu jagora, ka ba mu damina mai albarka, ka zaunar da ƙasarmu lafiya, ka mai da kowa gidansa cikin aminci. Amin.

Na gode.